Wutar da ba a gani: hattara da cikin kwamfuta a lokacin ɗari

 

Ga iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙasar Dakoro, tun daga Kornaka har kwarin Tarka. Leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, hazo ya rufe rana. Kowa ya san abin da kan faru da dare a irin wannan lokaci: mutum ya yaye bargo cikin duhu, sai ya ji ƙas-ƙas, ya ga ƴan tartsatsi kamar ana ƙyasta ashana. Ko kuma ya sauko daga mota, ya kama ƙofa, ya ji wani abu ya tsikare shi a yatsa. Yara su yi dariya, manya su ce aikin sanyi ne. To, wannan ɗan tartsatsi da muka raina, shi ne ke hallaka kayan cikin kwamfuta masu tsada, ba tare da mai ita ya san daga inda ɓarnar ta fito ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, yau kwamfuta ta zama kayan aiki a Dakoro kamar yadda take a Yamai. Tana meri, tana lakkwal, tana likita, tana ofisoshin ƙungiyoyin da ke aiki da manoma da makiyaya, tana shagunan buga takardu da fotokopi. Da yawansu tsofaffin hannu ne, an sawo su a Maraɗi, ko a titin Beirut na Kano, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko. Idan ɗaya ta sami matsala, hanyar Maraɗi ta fi kilomita 100, ga kuɗin mota, ga ɓata kwanaki. Saboda haka sai ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya ɗauki turnabis, wato sukudireba in ji mutanen Nijeriya, ya buɗe akwatin da kansa, don ya ƙara wani abu ko ya kaɗe ƙura. Matasa kuma sun fara sayen kayan ɗaya bayan ɗaya suna haɗa tasu na'ura. Wannan abin yabo ne, amma yana da ƙa'ida.

Mece ce wannan wuta? Duk lokacin da abubuwa biyu suka gogi juna sannan suka rabu, kamar riga da jiki, ko takalmi da tabarma, ɗaya kan kwashe wa ɗaya wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki. Idan babu hanyar da za su bi su zurare, sai su taru a jikin mutum, su kwanta suna jiran ya taɓa ƙarfe. Shi ya sa za mu kira ta wutar gogayya. Sanin ta ya daɗe. Tun wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, ana danganta wa wani masanin Girka mai suna Tales cewa ya lura idan an goga wani irin daskararren ƙaro da gashi, yana jawo ƴan haki. Sunan wannan ƙaro da Girkanci elektron, daga nan Turawa suka samo sunan lantarki. A 1600 William Gilbert, likitan sarauniyar Ingila, ya rubuta littafi a kan maganar. A 1752 kuwa, gwajin da aka yi a Faransa da Amurka bisa tunanin Benjamin Franklin ya nuna cewa walƙiyar damina da tartsatsin bargo jinsi ɗaya ne, girma kawai ya bambanta su.

Ga inda maganar ta shafe mu fiye da mutanen gaɓar teku. Laima da ke cikin iska ita ce ke shanye wannan wuta a hankali. A Kwatano ko Ikko, inda iska ke jiƙe, da wuya ta taru. Mu kuwa damina wata uku ce ko huɗu, kuma daga ɗari zuwa farkon bazara laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Wata ƙungiyar masanan wannan fanni ta Amurka, ESD Association, wadda aka kafa a 1982, ta baza ƙididdigar da ya kamata kowa ya riƙe. Mai tafiya a kan darduma cikin busasshiyar iska yana iya tara volt 35.000 a jikinsa, alhali cikin iska mai laima 1.500 kawai zai tara. Mai ɗaga leda daga kan tebur, 20.000 a bushe, 1.200 a jiƙe. Mai zaune yana aiki a bakin tebur, 6.000 a bushe, 100 a jiƙe. Wato aiki ɗaya, hannu ɗaya, amma haɗarinsa a Dakoro cikin watan Janairu ya ninka na bakin teku sau da yawa.

Mai karatu zai ce, yaya volt 35.000 ba ta kashe mutum, alhali kuran na NIGELEC mai volt 220 yana kisa? Amsa ita ce, wutar gogayya tana da ƙarfin tunkuɗa amma ba ta da yawa, kuma tana wucewa kafin ƙiftawar ido. Kamar tsakuwa ce da ta faɗo daga nesa: ba ta rushe katanga, amma tana fasa ƙwai. Kayan cikin kwamfuta kuwa sun fi ƙwai rauni. Ƙwaƙwalwar na'ura ta farko da kamfanin Intel ya fitar a 1971, mai lamba 4004, tana ɗauke da ƙananan makunnai 2.300. Ta yau tana ɗauke da dubban miliyoyi a fili wanda bai wuce farcen babban yatsa ba, kuma da wajen volt ɗaya take aiki. Bangon da ya raba waɗannan makunnai ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Jikin mutum ba ya jin tsikarin sai ta kai wajen volt 3.000, amma ƙasa da volt 100 ta isa ta huda wannan bango. Ashe ke nan, mutum na iya kashe abu na jikka hamsin bai ji kome ba, bai ga kome ba.

Ɓarnar kuma iri biyu ce. Akwai ta nan take, inda na'ura ke ƙin tashi gaba ɗaya. Wannan ta fi sauƙi, domin an san inda aka tsaya. Akwai kuma ta ɓoye, wadda ta fi mugunta: abin ya ji rauni amma bai mutu ba. Kwamfuta ta yi aiki mako biyu ko wata uku, sannan ta fara tsayawa haka kawai, tana kashe kanta, tana lalata takardun da aka adana. Daga nan sai rigima ta tashi. Ma'aikaci ya ce ɗan kasuwa ya sayar masa da jabu, ɗan kasuwa ya rantse lafiya ƙalau ya ba da kayansa, a ɗora wa mai gyara laifi, a ɗora wa kuran laifi. Mai yiwuwa duka su biyun gaskiya suke faɗa, hannun da ya ciro abin daga leda ne ya yi ɓarnar. Amana ta lalace tsakanin mutanen da suka shekara suna ciniki, a kan abin da babu wanda ya gani. Ruwa ba ya tsami banza.

To mene ne magani? Alhamdu lillahi, mafi yawansa ba ya cin ko dala.

Da farko, a zare waya daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin uwar katin na'ura, wadda masu gyara ke kira kart-mer, tana riƙe da ƴar wuta muddin waya na jone. Bayan an zare, a danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. In kwamfutar hannu ce, a cire batirinta ko a raba shi da katin.

Na biyu, a duba wurin aiki. Tabarmar roba, darduma, bargo, katifar soso da kujerar roba duk masana'antar wutar gogayya ne. A nemi teburin katako a kan daɓen siminti ko na ƙasa. A tuɓe rigar sanyi ta nailan ko ta ulu, a sa ta auduga. A cire takalmin roba a taka ƙasa, amma da sharaɗin an riga an zare waya, domin mai tsaye ba takalmi kusa da kuran yana wasa da ransa. A yayyafa ɗan ruwa a daɓe, a rufe taga saboda iska da ƙura. Masana'antu kan riƙe laimar ɗakunansu tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Mu ba za mu kai nan ba, amma ɗakin da aka yayyafa wa ruwa da sassafe ya fi rumfar kasuwa da tsakar rana.

Na uku, kuma shi ne ginshiƙin maganar: kafin a taɓa kowane abu na ciki, a dafa ƙarfen akwatin inda babu fenti, kuma a riƙa maimaitawa duk lokacin da aka motsa daga wurin. Littattafan Turawa kan ce a haɗa jiki da wayar ƙasa ta gida. Sai dai gidajenmu da shagunanmu da yawa ba su da ita, inda take kuma, sandar ƙarfen da aka kafa cikin busasshen rairayi ba ta aiki sosai a rani. Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Tartsatsi ba ya tashi sai in akwai bambanci tsakanin abubuwa biyu, kamar yadda ruwa ba ya gudu sai da gangare. Idan jikinka da akwatin da kayan da za ka saka sun daidaita, babu abin da zai tsallaka. Hikimar nan ce ta sa ake maƙala wa motar tankin mai waya kafin a fara sauke fetur. Wanda ya mai da gyara sana'a ya sayi awarwaron hannu mai igiya, wanda ake maƙalawa jikin ƙarfen akwati. A cikinsa akwai ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai ƙarfin om miliyan ɗaya, don ya kare mai shi. Saboda haka kada wani ya ɗaura wayar tagulla tsirara a hannu ya ce ya yi dabara. In ta haɗu da kuran, babu abin da zai tare masa.

Na huɗu, riƙo. Kowane kati ana kama shi ta gefe, kamar yadda ake riƙe hoto sabon wanki. Ba a taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya, ba a taɓa ƴan baƙaƙen ƙwayoyin da ke kansa. Kuma ba a tilasta wa kome shiga. Sandar ram, wadda ake kira baret, tana da tsaga a gindinta, kuma tsagar DDR3 ba wuri ɗaya take da ta DDR4 ba. In ta ƙi zama, ba gidanta ba ne. Ƙwaƙwalwar na'ura tana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe guda, a daidaita shi da na mazauninta, za ta kwanta da kanta. Kada a manta da ƴan ƙafafun da ke ɗaga uwar kati daga jikin akwati, in babu su bayanta zai taɓa ƙarfe ta ƙone.

Sai maganar ƙura, wadda ita ce ke sa mu buɗe akwatin tun farko. Kada a goge ciki da tsumman nailan ko burushin roba. Kada kuma a kai wa mai facin taya ya hura da injinsa, domin iskarsa kan zo da ruwa da mai, ƙarfinta kuma na lalata fanka. Ƴar mahurar hannu ta isa, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya. Abu biyu kuma ba a buɗe su sam: akwatin da ke rarraba wuta a cikin na'ura, da tsohon allo mai ƙeya irin na talabijin, wanda ke aiki da wajen volt 25.000. Waɗannan suna riƙe wuta ko bayan an zare waya, kuma tasu mai kisa ce.

Alhazai ƴan kasuwa, ga naku rabon. Jakar nan mai ruwan toka da ƙyalli da kayan ke zuwa a ciki ba ado ba ce, garkuwa ce. Sau da yawa tana da alamar hannu cikin kusurwa uku. Kada a jefar da ita. Mai ruwan hoda ba ta tara wuta, amma ba ta tare wadda ta zo daga waje. Baƙar ledar kasuwa kuwa ita ce mafi muni, musamman ga kayan da za su yini suna gogar juna a bayan mota daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, zuwa Maraɗi, zuwa Dakoro. In babu jakar, a naɗe da takarda a sa cikin kwali. Kada a bar masu taya su riƙa juya baret a hannu kamar ana taya goro. A gwada kaya a gaban mai saye, a rubuta lambarsa a kan takardar ciniki. Wannan kaɗai zai kashe rabin gardama.

Ku kuma ma'aikata, na'urar ofis dukiyar jama'a ce, abin da ke cikinta kuma ya fi ta daraja: takardun haihuwa, sunayen ƴan jarrabawa, lissafin albashi da na haraji. Ƙarfe in ya mutu ana sayen wani, amma aikin shekara biyar ba a sayensa a kasuwa. Kafin a kwance ko kusa ɗaya, a kwafe kome a ajiye a wani wuri dabam. Kuma shugaban ma'aikata ya san wanda ya buɗe, da ranar da ya buɗe.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya zare waya, ya sauka daga tabarmar roba, ya dafa ƙarfe, ya riƙe kati ta gefe, ya tsare kuɗinsa da mutuncinsa a wurin abokan hulɗa. Allah ya raba mu da asara, ya sa mu ga bayan wannan ɗari lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.