Gizon Sama Da Ake Hangowa Daga Chanchaga

 Yau ba zancen kuɗin haya ko tsadar buhun masara zan yi ba. Zancen wani hoto ne da ya kusa jawo mana rigima a unguwa, wanda har yanzu wasu dattawanmu ba su gama yafe wa mai shi ba.

Ɗan ƙanena ne ya ɗauki hoton. Ɗalibi ne, a nan Chanchaga aka yanke masa cibiya, Maraɗi kuwa sau uku kacal ya taɓa takawa. A ƙarshen watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke, sai ya tsiri hawa wani bene da ba a gama ginawa ba a bayan gidanmu, wajen ƙarfe uku na dare, da wata tsohuwar kyamara ta gwanjo da sandunanta uku. A dare na huɗu 'yan sintiri suka dalle shi da tocila, suka ga abu mai dogon baki an saita shi kudu, suka sauko da shi. Ni aka tasa daga barci. Shugabansu, mutumin kirki, ya ce mini, "Alhaji, a wannan zamanin wa zai ga mutum a saman bene da irin wannan abu ya yi shiru?" Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganganun da suka biyo baya a majalisa. Wasu suka ce duba yaron ya fara koyo. Wasu suka ce daga intanet ya kwaso hoton. Wasu kuma suka ce wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ɗan baƙo ya je ya zauna a shago.

To mai karatu, bari in fara gaya maka abin da ke cikin hoton, kamar yadda na zauna yaron ya karantar da ni, ni da na yi masa huɗuba. Ranarmu da duk taurarin da muke gani da ido a garke ɗaya suke, irin garken da masana ke kira galaksi. A maƙwabtan namu akwai wani ƙaramin garke da Turawa suka laƙaba wa sunan matuƙin jirgin ruwan nan Magellan, suna ce masa Babban Gajimaren Magellan, domin da ido kamar ɓallin gajimare yake. Nisansa ya kai tafiyar da haske ke yi a shekara kusan 160,000. A cikinsa akwai wani makeken hazo na iskar haidirojin da ƙura, inda ake ta haihuwar sababbin taurari, zafinsu kuma shi ke sa hazon yin ja. Wani Bafaranshe, Nicolas-Louis de Lacaille, da ya yi aikin leƙen sama a Afirka ta Kudu, shi ya fara gane cewa hazo ne ba tauraro ɗaya ba, a 1751. Daga baya aka sa masa suna Tarantula, wato sunan wani ƙaton gizo-gizo, saboda zare-zarensa kamar ƙafafu. Mu a gida Gizon Sama muke ce masa. Da masu cewa hoton daga yanar gizo aka kwaso shi suka ji sunan, har dariya suka yi, wai ai dama Gizo da ƙarya aka san shi.

Wannan hazo ba ƙaramin abu ba ne. Masana sun lissafa cewa da yana kusa da mu kamar hazon Orion, wanda nisansa bai wuce shekara 1,350 na haske ba, da haskensa sai ya yi wa mutum inuwa da dare. A tsakiyarsa akwai tarin taurari mai suna R136, inda ake samun wasu daga cikin taurari mafiya nauyi da aka sani. A gefensa ne kuma wani tauraro ya tarwatse aka gani daga duniya a watan Fabrairun 1987, karo na farko tun 1604 da aka ga irin wannan fashewa ƙarara da ido. A shekarar nan ce na sauka Minna da jakata ɗaya, ban san ana wani abu a sama ba, hankalina na kan inda zan kwana. A 2022 na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauko hotonsa ya zaga duniya.

Hoton ɗanmu kuwa, in aka ajiye shi kusa da wancan, abin tausayi ne. Ɗan tabo ne ja-ja mai dishi-dishi, kamar an ɗiga zoɓo a baƙin ƙyalle. Amma nasa ne, kuma na ga yadda aka yi shi. Hoto ɗaya ba ya nuna komai sai duhu. Sai ya ɗauki guda 300, kowane na daƙiƙa 4, ya zuba su a kwamfuta, wata manhaja ta kyauta mai suna Siril ta jera su ɗaya kan ɗaya, hasken gaskiya ya taru, ƙazantar kyamara ta dusashe. Ya ce mini, "Baffa, kamar tara ruwan sama ne a randa, ɗigo-ɗigo." Ba shi da injin da ke bin juyawar sama, amma ya ci sa'a, domin taurarin can ƙuryar kudu a hankali suke tafiya, ba kamar na tsakar ka ba.

Ga inda zancen ya shafe mu, mu baƙi. Shekara talatin, arba'in muna nan, mun gina gidaje, mun aurar, mun binne iyaye a ƙasar Gbagyi, amma har gobe bakinmu "in mun koma gida". Komai na nan a wurinmu na wucin gadi ne, shi ya sa ba mu damu mu san sunan dutsen da ke bayan gari ba, balle abin da ke samansa. Alhali wannan Gizo, a nan ya fi ganuwa. Daga Chanchaga yana tasowa sama da doron ƙasa da kusan digiri 11, wato ɗan fiye da faɗin dunƙulen hannu in ka miƙe shi. Daga Kano digiri 9 ne, daga Maraɗi 7 ne da ɗan ɗoriya, ƙura ta gama cinye shi. Mutumin Landan ko Faris kuwa, duk tsadar kayan aikinsa, ba zai taɓa ganinsa daga gida ba, sai ya hau jirgi. Yaron da muke ce wa ɗan baƙo ya gano abin da garin nan ke da shi wanda namu ba shi da shi, mu kuma muna neman mu sauko da shi daga bene.

Masu zancen duba, ina girmama tsoronsu, amma sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Mai duba yana cewa tauraro ya san wadda za ka aura. Mai ilmin falaki awo yake yi, ina tauraro yake, yaushe zai fito, me ke cikinsa. Ba kuma ilmin Turawa kaɗai ba ne. Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa na taurari a wajajen 964, a ciki har ya ambaci garken Andromeda a matsayin ɗan gajimare, shekaru ɗaruruwa kafin a ƙera madubin hangen nesa. Kakanninmu manoma da Kaza da 'ya'yanta suke gane lokaci, fatake da Gamzaki suke tashi. Mu da kanmu duk ƙarshen Sha'aban muna cika fili muna neman jinjirin wata. Ashe sai yaro ya ɗora kyamara sannan abin ya zama tsafi?

Zancen kuɗi ne kaɗai na yarda yana da ƙamshin gaskiya. Kyamara ko ta gwanjo ce ba araha take ba, kuma ba zan ce wa mai 'ya'ya takwas ya bar kuɗin makaranta ya saya ba. To amma ƙungiyarmu da ke tara kuɗin rumfa da kujerun biki duk wata, ta kasa sayen madubin hangen nesa guda ɗaya a ajiye wa yaran unguwa? Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano, tun 1983 take garin nan, yaran da za su shiga sashen kimiyyarta daga irin wannan leƙe-leƙe suke farawa.

Sai maganar haske da tsaro, waɗanda suka zame masa ƙarfen ƙafa. Masu wannan sha'awa a wasu ƙasashe daji suke tafiya neman duhu. Mu nan babu uban da zai bar ɗansa ya kwana a daji yanzu, kuma da gaskiyarsa. Saura saman bene ke nan. A da, ɗauke wuta kan yi masa gata, abin dariya a jihar da ke da Shiroro da Kainji. Yanzu kowa ya kafa fitilar sola mai kashe ido, rabinta sama take haskawa inda babu ɓarawo. Ban ce a kashe ba. A sunkuyar da kanta ƙasa, a yi mata 'yar hula ta kwano, ƙofar gida ta fi haske, sama ta huta. Abu mai digiri 11 haskensa sai ya ratsa iska ninki biyar na wanda ke tsakar ka kafin ya iso, ɗan hasken fitila ɗaya a kudu ya isa ya shafe shi.

Lokacinsa ma gajere ne. A tsakiyar Disamba da tsakar dare yake kai ƙololuwa, a tsakiyar Janairu wajen ƙarfe goma, amma a watannin nan hazon hunturu ya rufe kudu. Dama ta gaskiya ita ce 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar buji, kafin kiran assalatu. Ka nemo Suhailu, tauraron nan mai ƙyalli a kudu, ka sauke ido ƙasa da shi, ka ɗan karkata dama.

Mun sasanta da 'yan sintiri, yanzu yakan sanar da su kafin ya hau. Shugaban nasu ya riga ya hau sau biyu ya leƙa, kuma ya ce in Allah Ya kai mu Oktoba mai zuwa a tashe shi, zai zo da ɗansa.