Ba Kowane Ɗingishin Wasa Ne Ke Buƙatar Sabon Kati Ba

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a shagunan kwamfuta: da zarar wasa ya fara ɗingishi, hoto yana tsayawa yana fizga, sai a ce wa mai kwamfutar katin hotonsa ya tsufa, ya sayi sabo. Shawarar tana yi wa mai sayarwa daɗi, tana kuma cin aljihun mai saye, alhali sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wasan da ke nuna hotuna 60 a sakan yana ba kwamfuta milisakan 16.7 kacal ta kammala kowane hoto. Idan hoto guda ya ci milisakan 50, ido zai ga fizgar, ko da matsakaicin adadin da ke kusurwar allo bai motsa sosai ba. Abin tambaya shi ne wane ɓangare ne ya makara, kuma amsar kyauta ce. Manhajoji irin su MSI Afterburner da HWiNFO suna nuna zafin kowane ɓangare da nauyin aikin da ke kansa ana tsakiyar wasa. Idan wasa na ɗingishi amma katin hoto bai kai ƙarshen ƙarfinsa ba, to jiran wani yake yi, kuma sabon kati ma jiran zai yi.

Wanda ya fi cancanta a fara tuhuma shi ne zafi. Alamarsa a fili take: wasa ya fara lafiya lau, bayan ɗan lokaci ya yi nauyi. Yawancin furosesocin Intel suna rage gudunsu da kansu idan sun kai digiri 100, yawancin na Ryzen 7000 kuwa iyakarsu digiri 95. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu a Kano ko Zinder, ta kuma shiga zafin bazara da fanka a toshe, ba ta da wuyar kai wa wannan iyaka. Maganinta sharar ƙura da sabunta man da ke tsakanin furosesa da masanyayinta. Cusa mata kati mai jan wuta da yawa ƙara mata zazzaɓi ne.

Sauran masu laifin ma ba su da tsada. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage ƙarfinta idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir. Sandar RAM guda ɗaya tana aiki ta hanya ɗaya, guda biyu kuwa ta hanya biyu, kuma furosesa tana jin bambancin. Wani ya soke wayar allo a jikin madabod maimakon jikin katin, ya bar katin da ya saya da tsada yana zaman banza. Sai kuma manhajar direba da ta lalace, da manhajojin da ke gudana a ɓoye.

Masu sayarwa za su ce wani lokaci katin ne, kuma gaskiyarsu ne. Lokacin da wasan The Last of Us Part I ya fito a kwamfuta a watan Maris na 2023, ya wahalar da katunan da ma'adanarsu ba ta wuce gigabait 8 ba. Amma ko a nan, rage ingancin zane ya taimaka, kuma gyare-gyaren da kamfanin Naughty Dog ya fitar daga baya sun rage matsalar ba tare da an canza ko da ƙusa ɗaya ba.

Sayen kati ba laifi ba ne, muddin awo ne ya kai ga hukuncin. Mai kwamfuta yana da haƙƙin ya ga zafin furosesarsa da nauyin aikin katinsa a kan allo kafin a faɗa masa farashi. Duk mai gyaran da ya tsallake wannan mataki ya fara da ciniki, to aikin dillali yake yi.