Raddi ga Masu Cewa Duniyar da Ba Ta da Rana Ba Ta Ɗaukar Labari

Duniya marainiya ita ce wadda ba ta kewaya kowane tauraro, sai dai ta yi ta yawo ita kaɗai cikin duhun sararin samaniya. Wasu masu sharhi kan ƙagaggun labaran kimiyya suna ganin bai dace a gina labari a kanta ba, kuma hujjojinsu uku ne.

Hujja ta farko, wai irin wannan duniya shaci-faɗin marubuta ce. Amsar tana wajen masana falaki. A 2013 na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke Hawai ta gano wata duniya marainiya, PSO J318.5-22, mai tazarar shekarun haske kimanin 80. A 2021 aka sanar da wasu aƙalla 70 a lokaci guda. Binciken da Takahiro Sumi ya jagoranta a 2023 ya ƙiyasta cewa yawansu ya ninka na taurarin gungunmu kusan sau 20.

Hujja ta biyu, wai inda babu rana babu ɗumi, balle rai. Masu wannan magana sun manta da zafin da ke cikin ƙasa. David Stevenson ya nuna a 1999 cewa iskar haidirojin mai kauri kan iya riƙe wannan zafi kamar bargo, har ruwa ya ƙi daskarewa. A 2011 Abbot da Switzer suka lissafa cewa teku na iya wanzuwa ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kilomitoci. Tun 1977 kuma aka ga halittu a maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku kusa da Galapagos, abincinsu yana samuwa daga sinadarai, ba daga haske ba.

Hujja ta uku, wai inda babu wayewar gari babu sauyin yanayi, labari ba ya motsi. Rashin ranar shi ne ke motsa labarin. A labarin Fritz Leiber na 1951, *A Pail of Air*, iskar shaƙa ta daskare, wani iyali suna ɗebo ta a bokiti su narkar a bakin wuta don su rayu. A *Dying of the Light* na George R. R. Martin, wanda ya fito a 1977, duniyar Worlorn ta gifta kusa da taurari, aka gina birane aka yi biki, sannan ta kama hanyar duhu, jama'a suka watse.

Wanda ya cancanci suka shi ne marubucin da ya zuba korayen gonaki a irin wannan duniya bai faɗi inda zafi ke fitowa ba. Wannan sakacin marubuci ne, kuma a kansa ya kamata sharhi ya tsaya.