Sunan Tauraruwa Ba Ya Gyara Miya

Tun daga watan Mayun 2023, lokacin da Hilda Baci ta shafe sa'o'i 93 da minti 11 tana girki a Legas har kundin Guinness ya rubuta sunanta, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin matasan Kano, wato cewa shahara ita ce shaidar iya girki, kuma duk littafin girke-girken da ya fito da hoton wata tauraruwa a bangonsa ya zama hujjar da ba a ja da ita. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa agogo aka duba a wannan gasa ba a tambayi harshen kowa ba, kuma kafin shekarar ta ƙare wani mutumin Ailan mai suna Alan Fisher ya karɓe kambun. A bisa wannan ra'ayi, magidancin Yakasai ko Mandawari da aka girka wa abin da littafi ya ce, ya kai loma ɗaya ya ture kwano, shi ne mai laifi, har a laƙaba masa tsirfa, wato tsananin zaɓen abinci ba gaira ba dalili.

Alhali dalilinsa a fili yake. Tuwon dawa ba ya bin awon kofi da cokali, domin garin sabuwar dawa da na wadda ta kwana biyu a rumbu ba su shan ruwa daidai, kuma mai tuƙi tana gane haka ne daga talge, wato farau-farau ɗin da ake fara damawa a tafasasshen ruwa, sannan daga nauyin muciya a hannunta idan ta zuba gari, kafin ta rufe tukunya tuwon ya sulala. Littafin da ya ce a zuba kofi uku a jira minti goma ya tsallake ilimin gaba ɗaya, ya bar amarya da gudaji. Haka gurasar Jakara, wadda ake manna ƙullunta a jikin tanderu, wato tukunyar ƙasa da aka zafafa cikinta da wuta, ba ta da wata dangantaka da farar gurasar da ke fitowa daga na'urar gashi ta lantarki, a garin da wutar ma sai an yi sa'a ake ganinta.

Masu kare waɗannan littattafai suna cewa rubutu yana adana al'ada. To, a nuna wace al'adar aka adana a shafin da ya umarci a marmasa dunƙulen ɗanɗano huɗu a miyar kuka, sannan ya ambaci daddawa a ƙarshe a matsayin abin da za a iya sawa idan an ga dama! Rigimar daddawa da dunƙulen ɗanɗano tsohuwa ce da ba ta mutu ba. Daddawa kalwa ce, wato ƙwayar ɗorawa, da ake dafawa ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a shanya. Kuma da ita aka ciyar da birnin nan tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Dunƙulen Maggi kuwa ɗan ƙasar Suwizalan ne, wanda kamfanin Nestlé ya mallaka tun 1947, amma yau shi ne ɗan gida a tukunyar Bakano, daddawa ta koma baƙuwar da ake toshe wa hanci. 'Yar boko da ke yatsina fuska saboda warinta ita ce dai za ta yaba wa cukun Faransa idan ta ji an ce na masu kuɗi ne.

Sauran hujjojin, irin su cewa zamani ya sauya ko matan yanzu ba su da lokaci, ba su cancanci dogon bayani ba, tunda wadda ta samu sa'a biyu ta jera ganye a gefen faranti don ɗaukar hoton Instagram ba za ta rasa lokacin kaɗa miya da maburgi ba. Dattijon da ya ture kwanon nan ya fi marubuciyar littafin sanin miyar kuka, kuma hukuncinsa ne ya kamata a bi.