Sharhi: Rajistar asibiti ba ta magana sai ga wanda ya iya tambayarta

Duk ƙarshen shekarar karatu, shafukan Facebook da WhatsApp na matasan Nijar sukan cika da hotunan ɗaliban kiwon lafiya da suka kare kundin kammala karatunsu, abin da suke kira sutunans. Ga doguwar riga, ga furanni, ga iyaye da abokai ana ta murna. Murnar ta dace, don ba ƙaramar wahala ɗalibi ke sha ba kafin ya kai wannan rana. Sai dai da zarar an watse, yawancin waɗannan kundaye sukan ƙare a kan kanta, ƙura na cin su. Mai kundin kuma a tura shi asibitin CSI na wani ƙauye, ya shiga cika rajista safe da yamma, ya aika rahoton wata zuwa gunduma, ba tare da ya taɓa zama ya tambayi alƙaluman da ya rubuta da hannunsa abin da suke cewa ba.

Wannan giɓi ne da ya kamata a cike tun daga aji. Koyon hanyoyin bincike da dabarun karatu ya cancanci matsayi ɗaya da koyon allura, ɗaurin ciwo da karɓar haihuwa, a jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram, a makarantun ENSP, da kuma makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu da suka yawaita a manyan birane.

Wanda ke ganin bincike aikin manyan furofesoshin Turai ne, ya dubi abin da ya faru a gundumar Mirya ta jihar Damagaram. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun yi wata tambaya mai sauƙi: shin uwa za ta iya auna damtsen ɗanta da kanta, da ɗan zaren awon nan mai launin kore, rawaya da ja, ta gane tamowa kafin ta yi tsanani? Aka koya wa dubban iyaye mata a yankin Dogo, aka bar aikin a hannun ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka a yankin Takeita, sannan aka kwatanta. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna iyaye mata ba su gaza ma'aikatan ba, yaran ma sun fi isowa asibiti da wuri, kuma kuɗin da aka kashe ya fi sauƙi. Yau wannan hanya ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Babu wata na'ura mai tsada a cikin aikin. Tambaya ce mai kyau, da rukuni biyu da aka kwatanta, da ƙidaya ta gaskiya.

A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada rigakafin Rotasiil, na zawon yara da ƙwayar cutar rota ke haddasawa, wanda ke jure zafi fiye da sauran irinsa. Jarirai fiye da 3,500 ne suka shiga gwajin da cibiyar Epicentre ta gudanar. Sakamakon 2017 ya nuna kariya ta kusan kashi 67 cikin 100 daga zawo mai tsanani, kuma a 2018 hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da rigakafin. A jihar Doso, gundumomin Boboye da Loga, binciken MORDOR ya nuna raba maganin azitromisin ga yara ƴan ƙasa da shekaru 5 sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin 100, adadin da ya zarce na Malawi da Tanzaniya inda aka yi gwajin a lokaci guda.

Ke nan ƙasar Nijar ta daɗe tana ba duniya amsoshi. Ƴaƴanta ne suka zagaya ƙauyuka a kan babur, suka auna yara, suka cika takardu, suka rarrashi iyaye. Akwai kuma ƙwararrun masu bincike ƴan ƙasa, a cibiyar CERMES ta Yamai da jami'o'i, da suka taka rawa a irin waɗannan ayyuka. Amma gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, sau da yawa tambayar daga waje take zuwa, kuɗin daga waje, nazarin alƙaluman ma a waje ake yin sa. Yanzu da tallafin ƙetare ke ja da baya, musamman bayan Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, wanda bai iya tsara bincikensa ba zai zauna jiran wanda ƙila ba zai sake zuwa ba. Ana yawan maganar diyaucin ƙasa a ƴan shekarun nan. To, ƙasar da ba ta iya ƙidaya marasa lafiyarta ta fassara ƙidayar da kanta, da sauran aiki a gabanta kan diyauci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya hawa rufin ya duba.

Abin da ake nufi da tushen bincike bai wuce abubuwa kaɗan ba, kuma kowane malamin asibiti ko ungozoma na iya riƙe su.

Na farko, tsara tambaya. "Zazzaɓin cizon sauro a Tawa" take ne kawai, ba a iya amsa shi. Amma "yara nawa cikin waɗanda aka ba maganin rigakafin zazzaɓi na damina a zagaye na farko suka karɓi sauran zagayen, kuma me ya hana waɗanda ba su karɓa ba?" tambaya ce da za a iya amsa ta cikin ƴan watanni, amsar kuma ta gyara aikin baɗi.

Na biyu, sanin cewa adadi ba ya da ma'ana sai an faɗi daga cikin nawa. A ɗauka, a matsayin misali, wani asibiti ya karɓi masu zazzaɓi 200 bara, bana ya karɓi 300. Mai gaggawa zai ce cuta ta ƙaru. Amma ƙila ƴan gudun hijira ne suka sauka a garin jama'a ta ninka, ƙila bara kayan gwajin jini ne suka yanke wata biyu ba a rubuta kowa ba, ƙila kuma asibitin maƙwabta ne ya rufe. Wanda aka koya wa bincike zai bi waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya kafin ya buga ƙararrawa.

Na uku, kwatantawa. In aka ba mutum magani ya warke, hakan kaɗai bai nuna maganin ne ya warkar da shi ba, don cututtuka da yawa kan tafi da kansu. Sai an dubi waɗanda ba su sha ba. A Madarunfa ma, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gwada ba yara masu tamowa mai tsanani amma marar rikici maganin amokisilin, aka kwatanta su da waɗanda aka ba abin da ba magani a ciki, sai aka ga farfaɗowarsu daga tamowa ba ta bambanta sosai ba. Ba don rukuni na biyu ba, da kowa ya ce maganin ne ya yi aikin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu, tuna waɗanda ba a gani. Rajistar asibiti ta san wanda ya zo ne kawai. Matar da ta haihu a gida mai nisan kilomita 30, da yaron da ya rasu a kan amalanke kafin a iso, ba su cikin lissafi. Ma'aikacin da ya gane haka ba zai ɗauki rajistarsa a matsayin hoton dukan yankin ba.

Na biyar, amana. Ba a sa ɗan Adam cikin bincike sai da yardarsa, bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma sai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike ya duba tsarin. Ƙasar Hausa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kan yara kusan 200 ba. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka shafe shekaru ana shari'a. Rashin yardar da ya biyo baya ya shafi aikin rigakafi har tsawon shekaru. Ma'aikacin da ya san ƙa'idojin bincike shi ne garkuwar farko ta mutanen garinsa.

Sai batun yadda ake karatun kansa. Ɗalibai da dama sun saba da hanya ɗaya: a kwafi darasi, a ajiye, in jarrabawa ta rage kwana uku a kwana ana shan shayi ana haddacewa, a juye a takarda, bayan mako guda komai ya tashi. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum kan manta mafi yawan sabon abin da ya haddace cikin ƴan kwanaki in bai koma kansa ba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da dabaru biyu da suka fi maimaita karatu ido a kan takarda: rufe littafi mutum ya tambayi kansa, da rarraba bitar a kan kwanaki da makonni. Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san wannan tun yana yaro. Ba a wanke allo sai an biya ba tare da dubawa ba, kuma tilawa ce ke riƙe hadda. Abin da karatun likita ya ƙara a kai shi ne tambayar "don me?". Ɗalibin da ya haddace adadin magani bai san dalilin da ya sa ake auna shi da nauyin yaro ba, zai rikice ranar da aka kawo masa yaron da bai yi kama da na littafi ba.

Akwai kuma ɗabi'ar da ke kashe kundin kammala karatu tun kafin a haife shi: ɗauko na wanda ya gabata, a sauya sunan gari da shekara, a sa hannu. Yanzu an samu ƙarin hanya, wato manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙirƙiro sunayen littattafai da binciken da ba su taɓa wanzuwa ba, ɗalibi ya kwafa bai duba ba. Laifin bai tsaya kan ɗalibi shi kaɗai ba. In an bar darasin hanyoyin bincike sai shekarar ƙarshe, aka ba malami ɗaya kundaye masu yawa ya duba a lokaci guda, ga kuɗin buga takardu da na zirga-zirga duk a wuyan ɗalibi, to an buɗe ƙofar kwafe da hannu biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyin sefa. Makarantu su fara darasin bincike tun shekarar farko, kuma da alƙaluman gaske. Duk ɗalibin da aka tura koyon aiki a asibiti ya dawo da ƙaramar tambaya ɗaya da ya amsa daga rajistar wurin, cikin shafi biyu ko uku, bayan an ɓoye sunayen marasa lafiya. Ma'aikatar kiwon lafiya ta haɗa kai da gundumomi su fitar da jerin tambayoyin da suke son amsarsu, ɗalibai su zaɓi batun kundinsu daga ciki, a kuma wajabta kai sakamakon ga asibitin da aka yi aikin. A tara kundayen a wuri ɗaya a intanet, yadda mai kwafe zai ji tsoro, mai neman ilimi kuma ya samu. Alƙaluman da asibitoci ke turawa ta manhajar DHIS2 su riƙa dawowa ga waɗanda suka cika su, a zauna a tattauna su a taron gunduma, maimakon su hau sama su ɓace.

Su ma ɗalibai da matasan ma'aikata ba sai sun jira ba. Rumbun PubMed kyauta ne ga duk mai salula. Shirin HINARI, wanda OMS ta ƙaddamar a 2002, yana ba makarantu da asibitocin ƙasashe irin Nijar damar karanta dubban mujallun kiwon lafiya ba tare da biya ba, in hukumar makarantar ta yi rajista. KoboToolbox na tattara amsoshi ta salula ko babu intanet, Zotero na tsara sunayen littattafan da aka karanta. Mutum biyar na iya haɗuwa sau ɗaya a mako su karanta maƙala ɗaya, su tambayi juna: su wa aka bincika, da wa aka kwatanta su, mutum nawa, wa ya biya kuɗin aikin? Da yake yawancin waɗannan rubuce-rubuce da Ingilishi suke fitowa, koyon karanta shi ya zama dole ga wanda ya yi karatu da Faransanci, ko da bai iya magana da shi ba.

Ƴan Nijar likitoci da masu bincike da ke zaune a Faransa, Beljiyam, Kanada, Maroko ko Najeriya ma akwai rabonsu a wannan aiki. Ana aiko da kuɗin gini da na biki, ana aiko da kayan asibiti lokaci zuwa lokaci, kuma duk suna da amfani. Amma awa ɗaya a mako ta WhatsApp, ana duba tsarin binciken ɗalibi ɗaya a Maraɗi ko Damagaram, ana nuna masa inda lissafinsa ya karkace, taimako ne da ba ya tsayawa a duwan kuma ba ya lalacewa don rashin wuta.

A watan Janairun 2025 OMS ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar makantar bakin kogi. Ba a samu wannan shaida da jawabi ba, sai da aka shafe shekaru ana kama ƙudajen da ke yaɗa cutar, ana gwada jinin yara, ana rubuta sakamako har duniya ta gamsu. Irin wannan haƙuri da tsari ne ake buƙata a kan zazzaɓin cizon sauro, tamowa, sanƙarau da mutuwar mata wajen haihuwa. Waɗanda za su yi aikin suna zaune a aji yanzu haka, kuma abin da aka koya musu a bana shi ne zai nuna ko gobe za su zama masu cika rajista kawai, ko masu karanta ta su ceci rai da abin da suka gani a ciki.