Manu Garba da filayen makarantunmu

Duk wanda ya yi nazarin tarihin Manu Garba, mutumin Gombe, wanda ya taka leda a El-Kanemi ta Maiduguri kafin ya koma horar da yara, zai tarar cewa ɗaukakar da Allah Ya ba shi ba ta zo masa bagatatan ba. Sai da ya yi wa marigayi Yemi Tella mataimaki a 2007, shekarar da 'yan ƙasa da shekara 17 na Nijeriya suka ciyo kofin duniya a Koriya ta Kudu, ya zauna gaban na gaba da shi kamar yadda almajiri ke zama gaban shaihinsa, sa'an nan a 2013 ya jagoranci nasa yaran a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka ci Meziko uku da nema a wasan ƙarshe, Musa Muhammed ɗan Kano yana kyaftin.

Abin da na fahimta a wannan tarihi shi ne, mai horar da yara malami ne tun kafin ya zama komai, domin ladabi da juriya da biyayya ga alƙalin wasa tarbiyya ce, ita kuwa tarbiyya makaranta ce gidanta.

To, sai mutum ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega bayan la'asar, ya tsaya Bodinga ko Shagari, ya dubi filin wata makaranta, inda zai ga tsatsa ta cinye ƙarafan raga, awaki na kiwo a tsakiya, yara kuwa ƙafa ba takalmi, don takalman ne suka ajiye a matsayin raga, suna ta gumurzu babu babba ko ɗaya a kansu, alhali gidajen kallo sun cika maƙil da masu jayayya kan ƙungiyoyin Ingila. Wannan sakaci abin takaici ne ƙwarai a mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Kuma ba hazaƙa muka rasa ba. Shehu Abdullahi, Basakkwace, yana cikin waɗanda suka samo wa Nijeriya tagulla a gasar Olamfik ta 2016.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu da hukumar ilmi ta jiha su naɗa wa kowace sakandare malamin wasanni mai shahada, su gyara filaye, su sa kofin da makarantun Bodinga da na Shagari za su riƙa karawa a kansa kowace shekara.