Yaranmu na rera waƙar wasu, ina tamu ta Kurfai?

Maganar yau wasu za su ce ta yara ce, amma ku saurara.

Akwai wasan da ake kira karaoke, wanda aka faro a Japan: na'ura ta saki kiɗa, kalmomi su bi allo, kai ko ka rera. A 2004 kamfanin Sony ya fiddo SingStar a PlayStation 2, mai auna murya ya ba da maki. Yanzu ko salula na yin haka. Sai ka ga yaro ya haddace waƙar Indiya tsaf, bai san abin da take nufi ba.

Mu ba mu ce a hana ba. Abin da ke damunmu shi ne tamu na ɓacewa. Injin niƙa ya zo, waƙar niƙa ta tafi. Dandali ya yi tsit, 'yan mata sun rage gaɗa. In tsohuwa guda ta rasu a Shikal ko Tukunus, waƙa nawa aka rufe da ita?

To matasa, ran Lahadi in kasuwa ta watse, ku zauna gaban kaka, ku nemi izininta, ku ɗauki muryarta, ku rubuta kalmomin. Wanda ya iya haɗa bidiyo ya aza su bisa kiɗan kalangu, ya tura ta WhatsApp yara su bi. Sony ba zai zo Kurfai ya yi mana wannan aiki ba. In muka yi sake, jikokinmu za su ci maki a waƙar wasu, su kasa kawo baiti guda na gidansu.